Rolf Sievert: Ɗan Attajirin Da Ya Ƙarar Da Rayuwarsa Wajen Kare Ma'aikatan Asibiti Daga Hasken Da Ido Ba Ya Gani

A garin Sheda da ke ƙaramar hukumar Kwali, kan hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Lokoja, akwai wani gini mai kaurin bango da aka gina don haska amfanin gona da kayan asibiti da hasken gama, domin kashe ƙwayoyin cuta da hana saurin lalacewa. Ƙa'idar aiki a irin wannan wuri ita ce kada ma'aikaci ya kusanci ɗakin haskawa sai da wata 'yar na'ura maƙale a ƙirjinsa, wadda ke ƙididdige abin da jikinsa ya sha na haske mai ratsa jiki, wato abin da masana ke kira radiyeshan. Irin wannan na'ura ce ake bukatar likitan zuciya ya maƙala idan zai zura siririn bututu cikin jijiyar majinyaci yana kallon hoton eksire. Idan aka karanta na'urar a ƙarshen wata, ana rubuta sakamakon da wani ma'auni mai suna sievert.

Ma'aunin ya samo sunansa daga wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Rolf Maximilian Sievert, wanda ya rasu a 1966. Shi ba likita ba ne, bai kuma taɓa yi wa kowa aikin zuciya ba. Amma shekara fiye da arba'in ya kwashe yana neman amsar tambaya guda: nawa ne jikin ma'aikaci zai iya sha na wannan haske ba tare da ya cutu ba, kuma wa ke da alhakin tabbatar da cewa ba a wuce iyaka ba?

Zamanin da aka haife shi

An haifi Sievert a birnin Stockholm ranar 6 ga Mayu, 1896, wata shida bayan Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a garin Würzburg na Jamus, a watan Nuwamba na 1895. Labarin wannan haske ya bazu a duniya cikin makonni kaɗan. A karon farko likita ya iya ganin karayar ƙashi ko harsashin da ya maƙale a jiki ba tare da ya tsaga fata ba. A 1898 kuma Marie Curie da mijinta Pierre suka gano sinadarin radiyam, wanda ba da jimawa ba aka fara amfani da shi wajen ƙona ciwon daji.

Murnar ta zo da hasara mai yawa. Likitocin farko sukan sa hannunsu a gaban injin domin su gwada ƙarfinsa, su kuma tsaya kusa da majinyaci na tsawon sa'o'i babu wani shamaki. Hasken ba ya zafi a lokacin da yake ratsa jiki, ba shi da wari, ido ba ya ganinsa. Sai bayan kwanaki fata ta yi ja, gashi ya zube, gyambo ya fito ya ƙi warkewa. Bayan shekaru kuma sai ciwon daji ya biyo baya. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, ya rasa hannayensa biyu kafin ya mutu a 1904. A 1936 aka kafa wani dutsen tunawa a harabar asibitin St. Georg da ke Hamburg, aka rubuta sunayen likitoci da masu jinya da masu bincike fiye da 150 daga ƙasashe daban-daban waɗanda wannan aiki ya yi ajalinsu. Daga baya an ƙara wasu sunayen.

Ɗan attajiri a ƙaramin ɗakin gwaji

Mahaifinsa, Max Sievert, Bajamushe ne da ya yi ƙaura zuwa Suwidin ya yi arziki a masana'antu. Ya kafa masana'antar wayoyin lantarki a Sundbyberg, kusa da Stockholm, sannan sunansa ya shahara a kan fitilar narka ƙarfe da makera da masu gyaran famfo ke amfani da ita. Ya rasu a 1913, Rolf yana matashi, ya bar masa dukiyar da za ta ishe shi zama ba tare da ya nemi aikin albashi ba.

Saurayin bai samu alƙiblarsa nan da nan ba. Ya taɓa karatun likita a Cibiyar Karolinska, ya taɓa na injiniya a babbar kwalejin fasaha ta Stockholm, kafin ya tsaya a Jami'ar Uppsala inda ya kammala digirinsa a 1919, ya kuma karkata ga ilimin fiziks. A wajajen 1920 hanyarsa ta haɗu da ta Farfesa Gösta Forssell, jagoran Radiumhemmet, asibitin masu ciwon daji da aka kafa a Stockholm a 1910. Forssell da abokan aikinsa suna samun nasara wajen warkar da wasu nau'o'in ciwon daji da radiyam da eksire, amma suna da babbar matsala. Ba su da sahihiyar hanyar sanin adadin hasken da suke ba majinyaci. Abin da aka fi dogaro da shi a lokacin shi ne jan fata: adadin hasken da zai sa fatar mutum ta yi ja shi ake ɗauka a matsayin mudu. Fatar wani kuwa ba ta wani ba ce, injin wannan asibiti kuma ba ɗaya yake da na wancan ba.

Sievert ya karɓi wannan aiki. Ya fara a wani ɗan ƙaramin ɗaki a asibitin, yana sayen kayan gwaji da kuɗin aljihunsa. A 1921 ya wallafa hanyar lissafa ƙarfin hasken da ke fita daga allurar radiyam a kowane nisa da kowace kusurwa. Har yau ɗaliban fiziks na asibiti suna koyon wannan lissafi da sunansa. A 1924 aka naɗa shi shugaban ɗakin gwajin fiziks na Radiumhemmet, muƙamin da ya riƙe har 1937.

Awo kafin komai

Ra'ayin da Sievert ya tsaya a kansa mai sauƙin fahimta ne. Abin da ba a iya aunawa ba za a iya kafa masa doka ba, abin da kuma ba a kafa masa doka ba zai ci gaba da cin mutane a ɓoye. Saboda haka daga tsakiyar shekarun 1920 ya shirya ayarin ma'aikata masu yawo da kayan awo zuwa asibitocin ƙasar, suna duba injinan eksire ɗaya bayan ɗaya, suna gwada abin da kowanne ke fitarwa da ma'auni guda. Da farko manufar ita ce a tabbatar majinyaci ya samu daidai abin da likita ya rubuta masa. Sannu a hankali awon ya faɗaɗa zuwa bangayen ɗakuna, da ƙofofi, da wuraren da masu jinya ke tsayawa.

Ya kuma ƙirƙiro wata 'yar na'ura da aka sani da akwatin Sievert. Ƙaramin abu ne da ake cika shi da cajin lantarki, a ajiye shi inda ake son awo ko a maƙala shi a jikin mutum. Hasken da ya ratsa iskar da ke cikinsa yana rage cajin, sai a kai shi ɗakin gwaji a ga nawa ya ragu, daga nan a san adadin hasken. Fa'idarsa ita ce ba ya bukatar waya ta haɗa shi da wani inji yayin awon, don haka ana iya tura shi asibiti mai nisa a dawo da shi. A kan wannan hanyar awo ya rubuta kundin digirinsa na uku a Uppsala a 1932. Na'urorin da ma'aikata ke maƙalawa a yau sun sha bamban da nasa wajen ƙira, amma tsarin bai canza ba: a raba wa ma'aikata, a tattaro bayan wani lokaci, a karanta a wuri guda, a ajiye lissafin kowane mutum.

A 1925 ya ba da shawarar cewa kada abin da ma'aikaci zai sha a shekara ya wuce kashi ɗaya cikin goma na adadin da ke sa fata ja. A wannan shekarar wani masani a Amurka, Arthur Mutscheller, ya kawo adadi mai kusanci da wannan ta wata hanya dabam. Da ma'aunin yau adadin ya yi yawa ƙwarai, amma daga nan aka fara maganar iyaka da lamba.

Taron Stockholm na 1928

A watan Yuli na 1928 aka yi babban taron duniya na biyu na likitocin eksire a Stockholm. Abubuwa biyu masu ɗorewa suka fito daga taron. Na farko, an amince da ma'auni guda na hasken eksire, aka sa masa sunan Röntgen. Na biyu, an kafa kwamitin duniya na kare ma'aikata daga eksire da radiyam. Sievert, yana ɗan shekara 32, shi aka ba shugabancinsa, tare da George Kaye na Ingila wanda ya ɗauki nauyin rubuta shawarwarin, da wani matashi Ba'amurke mai suna Lauriston Taylor.

Shawarwarin farko na kwamitin sun yi kama da ƙa'idojin aikin gwamnati. An ce kada ma'aikacin eksire ya yi aiki fiye da sa'a bakwai a rana, ko fiye da kwana biyar a mako, kuma a ba shi hutun da bai gaza wata guda ba a shekara. An ce kada a sa ɗakin eksire a ƙarƙashin ƙasa inda babu iska, an kuma fayyace kaurin dalmar da za a yi shamaki da ita gwargwadon ƙarfin inji. A 1934 kwamitin ya sa iyaka da lamba, wadda idan aka juya ta zuwa lissafin yau ta kai kimanin milisievert 500 a shekara. A 1950 aka sake wa kwamitin suna zuwa Hukumar Duniya ta Kariya Daga Radiyeshan, wadda aka fi sani da ICRP, aka rage iyakar zuwa kimanin milisievert 150.

Dalilin ragin shi ne ilimi ya ƙaru. Tun 1927 Hermann Muller ya nuna cewa eksire na sauya ƙwayoyin gado a jikin ƙudajen da ya yi gwaji da su. Bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki na 1945, binciken waɗanda suka tsira ya nuna ƙaruwar sankarar jini. Masana suka gane cewa illar iri biyu ce. Akwai wadda ba ta bayyana sai an wuce wani adadi, kamar ƙunar fata da yanar ido. Akwai kuma wadda ake ɗauka cewa haɗarinta na ƙaruwa da kowane ƙari komai ƙanƙantarsa, wato ciwon daji. Idan haka ne, tsayawa a ƙasan iyaka kaɗai bai wadatar ba, dole a riƙa rage abin da ake sha gwargwadon iko.

Doka da hukuma

Sievert ya fahimci cewa shawarar kwamiti ba ta tilasta wa mai asibiti ya sayi dalma. A 1937 ya zama shugaban sashen fiziks na radiyeshan a Cibiyar Karolinska, a 1941 kuma aka ba shi kujerar farfesa. A wannan shekara ta 1941 Suwidin ta kafa dokarta ta farko ta kariya daga radiyeshan, wadda ya taka babbar rawa wajen tsara ta. Dokar ta wajabta neman izini kafin a yi aiki da irin waɗannan injina, ta kuma ɗora wa sashensa aikin sa ido a faɗin ƙasar. Ta haka ayarin da ya fara da yardar asibitoci ya zama hukuma mai ikon shiga ta duba.

Bai tsaya a asibiti ba. Bayan yaƙin duniya na biyu ya mai da hankali ga ƙananan adadi, irin wanda kowane ɗan Adam ke sha daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abinci. Ya ƙera na'urori masu iya auna hasken da ke fita daga jikin mutum kansa, ya girka su a cikin dutse domin kada hasken waje ya gurɓata awon. A ƙarƙashin jagorancinsa ɗalibinsa Bengt Hultqvist ya auna gidajen jama'a, ya wallafa sakamakon a 1956, inda ya nuna cewa gidajen da aka gina da wani irin bulo na ƙasar suna tara iskar radon. An daɗe ana ƙiyasta cewa matsakaicin abin da mutum ke sha daga halitta a duniya ya kai kimanin milisievert 2.4 a shekara, kuma da wannan adadi ake kwatanta abin da ma'aikaci ke sha a wurin aiki.

Shekarun gwajin bam, da inda Najeriya ta shigo

A shekarun 1950 manyan ƙasashe suna ta gwada bama-baman nukiliya a sarari, iska na kwasar burbushinsu zuwa ƙasashen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Sievert ya kafa tashoshin awo a sassan Suwidin domin gano duk wani ƙari da ya sauka. A 1955 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kwamitin masana kan illolin radiyeshan, wanda ya shugabanta daga 1958 zuwa 1960. Ya kuma shugabanci ICRP daga 1956 zuwa 1962. A zamaninsa aka sake rage iyakar ma'aikata zuwa abin da ya yi daidai da milisievert 50 a shekara, aka kuma fara sa iyaka ta daban ga sauran jama'a.

A daidai wannan lokaci maganar ta iso Najeriya. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Lokacin hunturu ne, iskar da ke kawo hazo Kano da Katsina da Sakkwato kuwa daga Sahara take tasowa, saboda haka fargabar jama'a tana da tushe. Bayan gwaji na uku a ƙarshen Disamba na wannan shekara, gwamnatin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a watan Janairu na 1961. A 1964 aka kafa sashen tarayya na kariya daga radiyeshan a Jami'ar Ibadan, a shekarar ce kuma Najeriya ta shiga Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Awon ƙura da ruwan sama, da duba injinan asibitoci, su ne irin ayyukan da Sievert ya daɗe yana kira a yi a kowace ƙasa.

Yadda likitocin zuciya suka shiga ɗakin eksire

A farkon aikin Sievert, waɗanda ke cikin haɗari su ne likitocin eksire da masu jinyar da ke riƙe radiyam. Da shamaki ya wadata, waɗannan suka koma bayan bango suna danna maɓalli daga nesa. Sai ga wani rukuni na likitoci ya shigo ɗakin, wanda aikinsa ba ya yiwuwa daga bayan bango.

A 1929, shekara guda bayan taron Stockholm, wani matashin likita a garin Eberswalde na Jamus, Werner Forssmann, ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya je ɗakin eksire ya ɗauki hoto domin ya tabbatar. Wannan ya sa ya raba kyautar Nobel ta 1956 da André Cournand da Dickinson Richards. A 1953 wani likitan eksire a asibitin Karolinska, Sven-Ivar Seldinger, ya fito da hanyar shigar da bututu cikin jijiya ta allura da siririyar waya ba tare da yanka ba, kuma ita ake bi har yau. A 1958, a wannan asibiti dai, Åke Senning ya dasa wa wani majinyaci na'urar daidaita bugun zuciya ta farko da aka sa a cikin jiki. A wannan shekara Mason Sones a Cleveland ya ɗauki hoton jijiyoyin da ke ciyar da zuciya ta hanyar zuba musu ruwan da eksire ke gani. A watan Satumba na 1977, shekara goma sha ɗaya bayan rasuwar Sievert, Andreas Grüntzig ya buɗe toshewar jijiyar zuciya da 'yar balan-balan a Zurich.

Duk waɗannan ayyuka da hasken eksire mai motsi ake yinsu, likita yana tsaye a gefen gado, hannunsa a kan bututun. Majinyaci sau ɗaya ko sau biyu zai kwanta a gadon a rayuwarsa, likita da masu taimaka masa kuwa kullum suna nan, shekara da shekaru. Mafi yawan abin da suke sha ba daga bakin injin yake zuwa kai tsaye ba. Hasken ne ke bugun jikin majinyaci ya warwatsu ko'ina a ɗakin. Galibi likita na tsayawa a dama da majinyaci, injin na hagunsa, don haka gefen hagu na kansa da idonsa da hannunsa sun fi shan hasken.

Hanyoyin kariya uku ne, kuma duk sun samo asali daga zamanin Sievert. Na farko lokaci: kada a taka fedar haske sai ana kallon allo, a rage yawan hotunan da injin ke ɗauka a daƙiƙa, a taƙaita faɗin hasken ga wurin da ake bukata. Duk abin da ya rage wa majinyaci ya rage wa likita. Na biyu nisa: idan mutum ya ninka nisansa daga tushen haske, abin da zai sha zai koma kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka taku guda baya na da amfani ga mai jinyar da ba a bukatar hannunta a wannan lokaci. Na uku shamaki: rigar dalma mai kaurin rabin milimita ko ƙasa da haka kaɗan, da abin rufe wuya, da tabarau mai dalma, da garkuwar gilashi da ke rataye daga rufi, da labulen dalma a gefen gado. Ana kuma son bakin injin ya kasance a ƙarƙashin gado, domin hasken da ya fi warwatsuwa ya nufi ƙasa. A bayan duk wannan sai awo. Shawarar masana ita ce na'ura biyu, ɗaya a ƙarƙashin riga, ɗaya a samanta wajen wuya.

Rigar dalma ita ma tana da nata wahalar. Nauyinta ya kai kilo da dama, kuma ciwon baya da na wuya sanannen abu ne ga waɗanda suka daɗe suna sa ta. Idan aka ninke ta maimakon a rataye, dalmar ciki takan tsage ba tare da an gani daga waje ba, shi ya sa ake bukatar a riƙa duba ta da eksire lokaci zuwa lokaci.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Sievert ya yi ritaya a 1965, shekarar da aka mayar da aikin sa idon da ya gina zuwa cibiyar gwamnati mai zaman kanta. Ya rasu a 1966 yana da shekara 70. A 1973 ƙungiyar duniya ta masana kariya daga radiyeshan ta fara ba da lambar yabo da sunansa, wanda ya fara samunta kuwa shi ne almajirinsa Bo Lindell. A 1979 babban taron duniya na awo da ma'auni ya amince da sievert a matsayin ma'aunin illar radiyeshan ga jikin ɗan Adam. Sievert guda adadi ne babba, domin huɗu zuwa biyar a lokaci guda a dukkan jiki na iya kashe rabin waɗanda suka sha idan babu magani. Shi ya sa a wurin aiki ake magana da milisievert, wato kashi ɗaya cikin dubu.

Hukumar da ya fara shugabanta ta ci gaba da rage iyaka. A 1990 ta mayar da ta milisievert 20 a shekara ga ma'aikaci, idan aka ɗauki matsakaicin shekara biyar, da milisievert 1 ga sauran jama'a. Daga 2008 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta riƙa duba idanun likitocin zuciya da masu jinya a wuraren tarukansu, aka samu alamun farkon yanar ido a bayan ƙwayar idon da yawa daga cikinsu, musamman waɗanda suka yi shekaru suna aiki ba tabarau ba garkuwa. Wannan da wasu bincike suka sa a 2011 ICRP ta rage iyakar ido daga milisievert 150 zuwa 20 a shekara. Ga likitan da sana'arsa ta dogara da kallon siririyar waya a allo, lafiyar ido ita ce jarinsa.

Daga Stockholm zuwa Sheda

Najeriya ta gina nata tsarin a hankali. An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa da doka a 1976, ko da yake sai a 2006 ta fara aiki sosai. An kafa cibiyar kimiyya da fasaha ta Sheda a farkon shekarun 1990, a 2006 kuma aka ƙaddamar da sashenta na haskawa da gama, mai amfani da sinadarin kobal-60, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi a duk shekara biyar da 'yan watanni. A Zariya, Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike da ya fara aiki a 2004. Dokar kariya daga radiyeshan ta 1995 ce ta haifar da hukumar sa ido ta NNRA, wadda ta fara aiki a 2001, ta fitar da ƙa'idojinta na asali a 2003, tana kuma da cibiyar bincike da daidaita na'urorin awo a Jami'ar Ibadan. Aikinta ya shafi asibitoci da masana'antu da kamfanonin mai da ke amfani da sinadarai masu fitar da wannan haske.

A 'yan shekarun nan ɗakunan aikin zuciya ta bututu sun fara ƙaruwa a Legas da Abuja da wasu manyan birane, a daidai lokacin da hawan jini da cututtukan zuciya ke yawaita, likitocin da suka ƙware a wannan fanni kuma ba su da yawa. Horar da guda ɗaya na cin shekaru masu yawa bayan kammala karatun likita. Kariyarsa kuwa ba ta rataya a wuyansa shi kaɗai ba. Tana farawa daga teburin jami'in da ke rubuta takardar sayen inji, ko ya sa garkuwar rufi da labulen gado da tabarau a cikin kwangilar ko ya bar su. Tana bi ta hannun mai tsara kasafi, wanda zai ware kuɗin karanta na'urorin awo duk shekara, da ma'aikacin da ke ajiye fayil ɗin kowane likita, da shugaban da zai amince a ɗauki masanin fiziks na asibiti aiki, da sufeton da zai samu mota da kayan awo ya je ya duba.

Waɗannan su ne ayyukan da Sievert ya zaɓa wa kansa tun yana da halin ya zauna ya ci dukiyar gado. Ya fara da kuɗin aljihunsa, ya ƙare da doka da hukuma, domin ya san ba kowace ƙasa ce za ta dace da ɗan attajiri mai sayen kayan awo ba. A Sheda da Zariya da Ibadan, da kowane ɗakin aikin zuciya da ke bin ƙa'ida, ana tattara na'urorin ma'aikata idan lokacinsu ya cika, a karanta, a rubuta adadin a gaban sunan kowa, da ma'aunin da ke ɗauke da sunansa.